Shagon da ya ƙi sayar mini da jatan lande a ranar farko

Wata tara ke nan da na ɗauko tankin gilashi mai cin lita 60 daga wani shagon kayan kiwon halittun ruwa da ke arewacin Jidda, kuma sai yanzu nake jin na isa in faɗi ra'ayina a kansa, domin a irin wannan harka ba a gane mai gaskiya da mai neman kuɗi kawai sai an ratsa zafin Yuli tare da su. 'Yata ce ta jawo maganar tun asali. Mun kai yara Fakieh Aquarium da ke bakin teku a lokacin hutun makaranta, ta ga halittun Bahar Maliya a bayan gilashi, daga ranar ba ta bar ni na sha ruwa ba har sai da na yi mata alkawarin za mu ajiye ɗan ƙaramin teku a falo.

Shagon ba shi da girma, amma abin da ya fara burge ni shi ne tsabtar tankunansa da yadda aka raba su. Layin kifaye yana da nasa ruwa da nasa famfo, layin halittu marasa ƙashin baya, wato jatan lande da ƙaguwa da dodon koɗi da tsutsar teku, shi ma yana da nasa, kuma ko ragar kamu ba sa tsomawa daga wancan zuwa wannan. Da na tambayi dalili, sai yaron shagon, wani saurayi Bahaushe haifaffen Jidda wanda Hausarsa ke gauraye da Larabci, ya bayyana mini cewa yawancin magungunan cutar kifi suna ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya kashe jatan lande da dodon koɗi. Duk shagon da ya haɗa ruwan biyu, to ko dai bai sani ba, ko bai damu ba.

Na shiga ne da kuɗina a aljihu da niyyar in fito da komai a rana ɗaya. Ya saurare ni har na gama lissafi, sannan ya ce: "Kawu, yau dai gilashi da dutse da yashi da gishiri za ka tafi da su. Abu mai rai kuwa sai bayan wata guda, in Allah ya kai mu." Ba zan ɓoye ba, na ji haushi, don ban saba ganin ɗan kasuwa yana mayar da ciniki ba. Daga baya na gane cewa wannan ƙin sayarwar shi ne abu mafi daraja da na samu a shagon. Kashin halittu da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, wadda guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zama a ramukan dutse da cikin yashi su juya ta zuwa naitirait, shi ma guba, wasu kuma su juya wannan zuwa naitiret, wanda ya fi sauƙin illa kuma shi ne abincin ciyawar teku. Waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. A tsawon wannan lokaci duk ranar Asabar nakan kai masa ruwan tankin a 'yar kwalba, ya gwada a gabana ba tare da karɓar ko riyal ɗaya ba, ya rubuta sakamakon a takarda. A mako na uku wani launi ruwan ƙasa ya lulluɓe yashin kamar an barbaɗa garin kuka da ya tsufa, uwargida ta ce na kawo mata ƙazanta falo, shi kuwa ya ce alama ce ta cewa abin yana tafiya daidai, kuma haka ya kasance.

Akwai kuskuren da kusan duk mazaunin Jidda zai so ya yi, ni ma na kusa faɗawa cikinsa, wato ɗaukar jarka a je bakin teku a ɗebo ruwa kyauta. Bahar Maliya tana cikin tekuna mafiya gishiri a duniya, kusan kashi 40 cikin 1000, saboda rana tana ƙafar da ruwanta kuma babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta, alhali matsakaicin gishirin sauran tekuna kashi 35 ne, kuma a kan wannan ma'auni ake riƙe halittun da ake kawowa ta jirgin sama daga ƙasashe irin su Indunusiya. Ga shi kuma ruwan gaɓar birni ba a san abin da ya kwaso ba. Ruwan famfo ma ba ya yi, domin ko da yake daga teku aka tace shi, yana bi ta bututu da tankin ƙasa da na saman bene kafin ya iso, wani lokaci ma motar wayit, wato tankar ruwa, ce ke kawo shi. Shagon yana sayar da tataccen ruwa a jarka mai lita 20, kuma kafin ya rufe jarkar sai ya tsoma ma'auni ya nuna maka sifili, wato babu abin da ya narke a ruwan. Da shi ake kwaɓa gishirin musamman na kiwo, wanda ke ɗauke da kalsiyom da magniziyom da sauran abubuwan da gishirin miya ba shi da su. A wannan fanni ban taɓa kama su da ha'inci ba.

Da lokaci ya yi, na fara da dodon koɗi shida, huɗu masu lasar gilashi da ake kira Trochus, biyu kuma Nassarius masu binne kansu a yashi, waɗanda ba ka ganin komai nasu sai ɗan siririn hanci a waje, amma da zarar abinci ya taɓa ruwa sai su ɓullo kamar an tashe su daga barci. Bayan mako biyu aka ƙara ƙaguwa uku irin masu zama a kwanson aro, sannan jatan lande ɗaya mai jan baya da farin layi a tsakiya. Ya koya mini yadda ake saba musu da sabon ruwa: a juye su a roba tare da ruwan da suka zo da shi, a ɗaure siririn tiyo ya riƙa ɗiga ruwan tanki ɗis-ɗis har kusan awa guda, domin sauyin gishiri farat ɗaya yana kashe su ko da ba a ga alama nan take ba. Wannan jatan lande shi ne sarkin gidan yanzu. Idan na sa hannu a ruwa yakan hau yatsuna yana tsattsage gefen farce da ƙananan ƙafafunsa, irin aikin da yake yi wa kifaye a teku. Wata safiya 'yata ta zo tana kuka wai ya mutu, ga gawarsa nan kwance a kan dutse har da gashin baki. Ashe saɓa ya yi, ya bar tsohuwar rigarsa ya ɓuya a rami har sabuwar ta yi ƙarfi.

Yanzu sai inda shagon ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Kayan da suka haɗa mini a matsayin cikakken saiti sun ƙunshi hita ta ɗumama ruwa, amma babu ko fanka ta sanyaya shi, kamar a Ingila muke zaune. Waɗannan halittu suna son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26. A cikin Yuli muka tafi Makka kwana biyu, muka kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kamar yadda kowa ke yi, da muka dawo ma'aunin zafi yana nuna 31, dodon koɗi biyu sun faɗo daga gilashi sun mutu. Wanda ya iya hana ni sayen jatan lande a ranar farko ya kamata ya iya gaya mini cewa a Jidda zafi ne abokin gaba. 'Yar fankar da na ɗora daga baya tana hura saman ruwan ta rage kusan digiri biyu, sai dai ta ƙara ƙafewa, har nakan rasa fiye da lita ɗaya a yini. Gishiri kuwa ba ya tashi tare da tururi, don haka tataccen ruwa zalla ake cikawa da shi kullum; wanda ya cika da ruwan gishiri zai wayi gari tankinsa ya fi Bahar Maliya ɗaci. A tanki mai lita 60 irin wannan sauyi yana da sauri ƙwarai, kuma ma'aunin gishiri na roba mai lilo da ke cikin saitin bai taimaka ba, domin kumfa ɗaya ta maƙale a allurarsa ta isa ta sa ya yi ƙarya. Sai da na sayi irin wanda ake ɗiga ruwa a kansa a leƙa ta ido, na daidaita gishirin tankin har ma'aunin ya nuna 1.025, sannan hankalina ya kwanta.

Gazawa ta biyu a kan ciyawar teku ce, wadda ita ce rabin kyan tankin. Sun sayar mini da iri uku. Chaetomorpha, mai kama da koren zaren da ya cukurkuɗe, ba ta da rigima, tana shanye naitiret, nakan yanke rabinta duk bayan mako biyu. Gracilaria ja ce mai rassa, girmanta a hankali. Ta ukun, Caulerpa mai kama da ƙananan 'ya'yan inabi, ita ta fi ɗaukar ido, kuma ita ce ba a yi mini gargaɗi a kanta ba. Tana kafa saiwa a ramukan dutse ta yadda cire ta sai da hantsaki, sannan tana da wata ɗabi'a ta zubar da duk abin da ke cikinta a dare ɗaya idan za ta hayayyafa. Na tashi sallar asuba na tarar da ita ta yi fari fat, ruwan ya yi duhu kamar an zuba kunu, jatan lande yana maƙale can sama kusa da famfo. Rabin ruwan na canza a ranar kafin in tafi aiki. Da na kai ƙorafi, yaron bai yi musu ba, ya ce laifinsu ne, ya ba ni tataccen ruwa jarka biyu da gawayin tacewa kyauta. Ya kuma ja kunnena kada in zubar da ragowarta a magudana, in shanya ta ta bushe tukuna, domin wata 'yar uwarta da aka fara gani a gaɓar Monako a 1984 ta bazu a Bahar Rum ta danne ciyayin asali.

Game da farashi, shagon yana da tsada, musamman gishiri da kayan gwaji, waɗanda ake samu da rahusa a intanet. Famfo da fitila kuwa gara a saya a wurinsu, domin wutar Saudiyya mai bugu 60 ce a daƙiƙa, kuma famfon da aka ƙera don mai bugu 50 yakan yi ƙara ko ya ƙi aiki yadda ya kamata. Abu mai rai dai ba zan saya a wani wuri ba. Wanda zai je, ya nemi a cire masa hita da ma'aunin roba daga saitin a musanya da fanka, ya kuma bar Caulerpa a inda ya gan ta.

Asabar ɗin da ta wuce na sake kai ruwa gwaji, na kuma gaya masa cewa babbar ƙaguwar ta kashe dodon koɗi ɗaya ta shige kwansonsa. Ya ce gida ne ya yi mata kaɗan, ya ɗebo mini kwanso uku marasa kowa daga wata roba a ƙarƙashin kantar shagon. Na jefa su a tanki bayan isha'i, da safe na same ta a cikin mafi girmansu, tana jan sa a kan yashi da kyar.