Rabin awa a kwale-kwalen Buruj da yara uku

Tun da muka dawo Gombe daga ƙasar Beljiyam ƙawayena suke tambayata ko yawon ya yiwu da ƙananan yara. Ƙanina da ke karatu a Beljiyam ne ya karɓi baƙuncinmu, shi ya ce mu ware yini guda mu je Buruj, garin da masu shi ke kira Brugge. Daga Burasels, babban birnin ƙasar, tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa.

A duk abin da muka biya wa kuɗi ranar, kwale-kwalen zagaya gari ne ya fi shiga raina. Ruwa ya ratsa tsakiyar garin lungu-lungu, gidajen jan bulo na ɗaruruwan shekaru suna tsaye a cikinsa har gindi. Yarana ba su san wani babban ruwa ba sai na madatsar Dadin Kowa, shi ma daga baki suke hango shi. Da injin ya tashi sai suka yi tsit. Akwai gadojin da sai manya sun sunkuyar da kai, ita kuwa 'yar shekara biyar ɗin dariya take tana cewa, "Umma, kawu ya kusa bugewa!" Fararen tsuntsaye masu dogon wuya, sun fi dinya girma, suka riƙa wucewa dab da mu.

Matuƙin ya ba da labarin da har yau nake juya shi. Da can Buruj babbar kasuwa ce, ana kawo ulu daga Ingila a saƙa. Sai laka ta toshe mashigin Zwin da ke haɗa garin da teku, fatake suka koma birnin Antwaf. Garin ya yi sanyi, ba a rushe tsofaffin gine-gine an yi sababbi ba, ga shi a 2000 UNESCO ta sa tsakiyarsa cikin kayan tarihin duniya. Na tuna tsofaffin gidajen ƙasa namu da ake ta rushewa, raina ya sosu.

Amma akwai ƙorafi. Mun daɗe a layi, kwale-kwalen ba rumfa, yayyafi ya taɓa mu. Ba wanda ya ba yara rigar kariya, don haka rabin awar nan hannuna bai bar autana ba. Ƙarar inji kuma ta cinye rabin bayanin.

Keken tura jariri kuwa wahala ya zame mana, domin titunan duwatsu ne aka jera. Kafin azahar na naɗe shi na ciro zani na goya yaron, nan take ya yi barci. Hasumiyar kasuwa mai tsawon mita 83 tana da matakala 366. Maigida da babban ɗanmu ne suka hau, mu muka zauna a ƙasa muna cin soyayyen dankali muna sauraron ƙararrawar hasumiyar. In za ku sayi cakulan ku tambaya tukuna, wasu da giya a ciki.

Azahar da la'asar muka haɗa muka yi ƙasaru a kan ciyawa kusa da tafkin Minnewater. Kafin jirgin komawa ya bar tasha duk ukun sun yi barci, ta tsakiyar riƙe da tikitin kwale-kwalen da ta ƙi yarda a jefar.