Wuƙa, almakashi ko ƙugiyar yanka: wanne mai nutso zai fara saya?

Abin da ya fi riƙe mai nutso a ƙarƙashin ruwa shi ne zaren nailan na masunta, domin siriri ne, yana da ƙarfi, kuma ido ba ya ganinsa sai ya riga ya naɗe ƙafa ko ya maƙale a kan tukunyar iskar da ke baya, inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa matsin iska na bar 200 tana ɗauke da iska kimanin lita 2,400, a zurfin mita 10 kuma mutum yana shan ninki biyu na abin da yake sha a sama, wanda ya firgita kuwa ya fi haka. Saboda haka abin yankan da ya dace shi ne wanda zai fito da sauri, ya yi aiki da hannu ɗaya, ko da ba a ganin komai.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi shafar mu. Masu nutso a jihar Maradi ba su da yawa: ƴan kashe gobara da ake kira idan ruwa ya ci mutum, masu gyaran famfo da madatsun ruwa, da ƴan tsirarun da suka koyo aikin a bakin teku. Ruwan da suke shiga, kamar tafkin Madarunfa ko Gulbin Maradi da damina, ja ne mai laka, kuma masunta suna aiki a cikinsa da kalli, wato ragar kamun kifi, da mamari. Mamari igiya ce doguwa mai ƙugiyoyi jere, wanda duk ya taɓa ganin yadda take kama rigar mutum ya san cewa fizga ƙara shigar da ƙugiya take yi.

Yawancin masu saye wuƙa suke fara tambaya, kuma babba suke so, irin wadda ake ɗaurawa a ƙwauri. A ganina ita ce ta ƙarshe a jerin bukata. Wuƙa ba ta yanka zare sai an ja shi ya yi tauri, wato hannu ɗaya yana riƙe da zaren, ɗaya yana yanka, kuma a ruwan da ba a gani, tsininta yana iya huda rigar iskar da ake hurawa don daidaita nutso, ko tiyon numfashi ko cinyar mai ita. Ita kanta wuƙar da ke ƙwauri takan zama abin da koma ke kamawa. Wanda yake son wuƙa ya nemi ƙarama, mai ruwa kamar santimita 7 zuwa 10, mai dakusasshen baki maimakon tsini, gefe ɗaya kaifi, ɗaya haƙoran zarto. Haƙoran nan su ne amfaninta na gaskiya, domin su ke cin igiya mai kauri da sauran kayan ba sa iyawa.

Sai maganar ƙarfe. Wuƙar maƙeranmu tana da kaifi, amma ƙarfenta yana tsatsa da wuri, kuben fata kuma yana jiƙa ya saki, don haka a bar ta a tudu. Inoks, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, mai lamba 304 ya fi jure tsatsa, sai dai yana saurin dakushewa. Mai lamba 420 ya fi riƙe kaifi, amma yana son kulawa. Titaniyom ba ya tsatsa, nauyinsa kuma bai kai kashi biyu cikin uku na inoks ba, amma yana da tsada da wuyar wasawa. Ga wanda aikinsa a tafki da gulbi yake, inoks ya isa. Kuɗin titaniyom ba ya biyan kansa sai ga mai yawan shiga ruwan gishiri, kamar gaɓar Lome ko Bahar Maliya.

Ƙugiyar yanka ita ce nake ba da shawarar a fara saya. Ƴar ƙaramar aba ce ta roba da ke shiga tafin hannu, tana da tsaga da reza a ɓoye a ciki. Ana saƙala zaren a tsagar, a ja, ya tsinke. Tun da kaifin a rufe yake, ana iya bin jiki da ita a lalube ba tare da tsoron yanka kai ba, kuma tana cin kalli da madaurin kaya cikin sauƙi. Irin su Trilobite na kamfanin Eezycut suna da tsaga biyu da rezar da ake sauyawa. Rauninta biyu ne: igiyar da ta fi bakin tsagar kauri ba ta shiga, rezar kuma siririya ce, tsatsa takan cinye ta a ɓoye mai ita bai sani ba. A tambayi mai sayarwa ko akwai rezar canji a cikin kwalin, domin nemanta daga baya a nan aiki ne. Akwai masu kaifin tangaran da ba sa tsatsa, amma suna ɓantarewa idan suka ci karo da waya.

Almakashin gaggawa, irin wanda ma'aikatan asibiti suke yanka tufafin mai rauni da shi, shi ne mafi sauƙin samu, tun da masu sayar da kayan asibiti sukan ajiye shi, kuma ya fi sauran araha. Bakinsa a dakushe yake, yana yanka zare ko da a sake yake, da hannu ɗaya, yana kuma cin siririyar wayar da ake ɗaura wa ƙugiyar kamun kifi, wadda wuƙa take zamewa a kanta. A duba ƙusar da ta haɗa shi, domin nan tsatsa take farawa, a kuma tabbatar yatsu suna shiga zobensa da safar hannu.

Abin yanka ɗaya bai isa ba, domin yana iya faɗuwa cikin laka, ko hannun da zai ɗauko shi ya zama shi ne a ɗaure. Ƙugiyar yanka a kan madaurin ƙirji ko kusa da agogon hannu, almakashi a ɗamarar ƙugu ta gaba, kowanne a inda hannun dama da na hagu suke kaiwa. Kuben da sai an danna maɓalli biyu kafin ya buɗe, a wuce shi.

Idan kayan sun iso, ko ta intanet aka saya ko ta hannun ɗan kasuwa mai zuwa Kano ko Legas, a samo tsohon kalli da guntun igiyar mamari wajen masunta, a sa safar hannu, a rufe ido, a gwada zarowa da yankawa da mayarwa cikin kube. Bayan kowane nutso a wanke da ruwa mai tsabta, a shanya a wajen kube, a shafa wa ƙarfen man silikon kaɗan. Mai tafiya ta jirgin sama ya sa su duka a akwatin da ake aunawa, domin sau da yawa ba a barin su a jakar hannu.