Shekara uku da tsohuwar Land Cruiser a rairayin Daura

Tawa hannu na uku ce, Land Cruiser 80 ƙirar 1994, mai injin dizal 1HZ, silinda shida, lita 4.2. Ta girmi babban ɗana nesa ba kusa ba. Gonarmu tana gefen Zango, kuma da zarar ka sauka daga kwalta rairayi ne mai cin ƙaramar mota, shi ya sa na rufe ido na biya.

Fitata ta farko na kafe. Na ja ƙaramar giya, na take totur, tayoyin baya suna ta haƙa rami, na gaba ko motsi. Wani dattijo ya tsayar da amalankensa, ya leƙa, ya ce, "Alhaji, ka murɗa makullin gaba kuwa?" Ashe irin tawa sai ka sauka ka juya wani ɗan murfi a tsakiyar kowace tayar gaba kafin ƙafa huɗun su ja tare. Ya sa na sace iskar tayoyin daga 35 zuwa 20, na tashi a hankali da giya ta biyu, sai ga ta ta fito kamar ba ita ba. Tun ranar ban sake take totur a rairayi ba. Amma in ka hau kwalta ka nemi mai faci ya mayar da iskar, ka kuma cire ƙafa huɗun, don a busasshen titi ɗaure giyar yake yi, ya cinye taya.

Injin ba shi da turbo, wato na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, saboda haka ba ta da gudu. Daga Daura zuwa Katsina har 'yan haya wuce ni suke, na saba. Abin da ba ya yafewa shi ne bel ɗin taimin, wanda ke daidaita buɗewa da rufewar bawul da motsin fistin. Na roba ne, ana canja shi duk kilomita 100,000, in ya tsinke a hanya bawul ya gamu da fistin, aikin ya zama na sauke kan inji. Wanda ya sayar mini ya rantse sabo ne, bakanike ya buɗe ya nuna mini shi duk ya tsattsage. Kada ka yarda da rantsuwa, canja shi satin da ka saya.

Sai giris. Duba bayan tayar gaba, wurin wani ƙwallon ƙarfe da ke ƙarshen aksul. In ka ga baƙin mai yana tsiyaya ya kama ƙasa ya yi dunƙule, sil, wato robar da ke tare mai, ya mutu, man aksul ya cakuɗe da giris. Na share nawa wata biyar, har ta fara ƙas-ƙas a kwana, na biya ninki. Lokacin hunturu kuwa duk sati nake kakkaɓe filtar iska, ƙurar da ke fita ta isa cika gwangwanin madara. Filtar mai tana da ɗan famfo a ƙasa na zubar da ruwa, mai shan dizal ɗin bumburutu ya riƙa buɗe shi.

Kayan gyara akwai a Ƙofar Ruwa a Kano, sai dai jabu ya yi yawa, ka tafi da bakanikenka. Tsadar dizal ta sa na daina shiga gari da ita, babur nake hawa. A damina da kaka kuwa ita ke kai taki, ita ke kwaso gero, har maƙwabtan gona sun san ƙararta.