Kwanson Harsashi, Akwatin Soja ko Lambar Yabo: Wanne Za Ka Saya?

Ran Juma'ar nan a kasuwar Wudil wani ɗan gwangwan ya juye mini tasa guda ta tarkacen tagulla, ya ce, "Malam, duba ko akwai na tarihi." A ciki na tsinci kwanson harsashi uku da aninin kakin soja. Aninin kaɗai na saya, kuma ga dalilina.

Kwanso shi ya fi jan ido, don tarihinsa a gindinsa yake. Kifa shi ka karanta. In ka ga gindin yana da leɓe da ya fito waje, ga VII an buga, to .303 ne na Ingila, abincin bindigar Lee-Enfield da sojojin mulkin mallaka suka riƙe. Samfurin VII ɗin tun 1910 ake yin sa. Haruffan suna gaya maka masana'anta: K na Kynoch ne a Ingila, RG na Radway Green, KF kuwa daga Kirkee ta Indiya. Lambobi irin su 43 ko 1943 shekarar ƙira ce. In kuma gindin ba leɓe, ga ɗan gicciye cikin da'ira, wannan na ƙawancen tsaro na NATO ne, irin su 7.62, bai girmi 1954 ba, kuma irinsa ya yi yawa har ba ya da wata daraja. Mai saida shi zai rantse maka na yaƙin Hitila ne. Kyale shi da rantsuwarsa.

Sai dai fa tsugune ba ta ƙare ba. Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe harsashi ba lasisi, kuma a ma'anarta har sassan harsashi sun shiga ciki. Ka ɗauka an tare motarku a shingen bincike a hanyar Dutse, aka zazzage jakarka, kwanso biyar suka zubo. Wa zai tsaya sauraron labarin Kynoch? Wanda kuwa bai fashe ba, mai kansa a jiki da ɗan da'irar gindinsa ba loɓawa, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Haka manyan na igwa da akan tono a gona: kar a ƙwanƙwasa, kar a kai wa maƙeri, a sanar da mai gari da 'yan sanda. Tsufa ba ya kashe albarushi.

Akwatin ƙarfe na harsasai, wanda babu komai ciki, ya fi kwanciyar hankali, ga amfani: kakata a cikin irinsa take adana daddawa, ɓera bai taɓa samun sa'a ba. Darajarsa tana ga rubutun jikinsa na asali da murfin da ke rufuwa gam. Wanda aka sake wa fenti, kuɗin akwati kawai za ka biya.

Ni dai inda zuciyata take shi ne anini da lambar yabo, don su ne namu. Baje ko aninin rundunar Afirka ta Yamma yana ɗauke da bishiyar kwakwa. In akwai RWAFF, taƙaitaccen sunan rundunar, a jiki, bai wuce 1928 a tsufa ba, don a shekarar aka ƙara R ɗin (Royal, wato ta sarauta) a sunan. Lambar yabo ta Tauraron Bama (ƙasar Burma) kuwa, mai tsini shida, da ƙyalle ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe, shi aka ba mazan jiyan runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙi da Japan daga 1943 zuwa 1945. Ingila ba ta buga suna a bayansa ba, shi ya sa wanda ya zo da takardar sallama ko hoton mai shi ya ninka tsuransa daraja. Jabu ma akwai: rubutunsa a dagule yake, kamar an zuba a kasko.

Wajen ciniki, tafi da mayen ƙarfe a aljihu. In ya kama, ba tagulla ba ce. Ka fara tayi daga abin da 'yan gwangwan ke biya a kilo, sannan ka ƙara na tarihi. Kuma don Allah kar ka goge da toka da lemon tsami. Duhun nan da ya hau jiki shi masu tarawa ke biya. In ido bai saba ba, zagaya kasuwar Kurmi sau biyu uku ka ga na gaske tukuna.

Aninina yana nan a gwangwanin madara, da ƙasar Wudil a jikinsa.