Kafin ka biya kuɗin karanta DNA ɗin ƙwari: COI ko duka mitokondiriya?

A Samaru, da zarar damina ta ja baya, ɗalibai sukan zo min da kwalabe cike da fara da tsutsar masara suna cewa, "Malam, wane gwaji za mu biya?" Nakan ce su fara faɗa min abin da suke son sani.

In jinsin ƙwaro da danginsa na kusa kake nema, ɗauki COI. Guntu ne mai harufa 658 daga DNA ɗin mitokondiriya, wato sashen da ke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi, wanda Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003 a matsayin shaidar gane dabbobi. Firamomin Folmer na 1994, wato gajerun DNA masu nuna gurbin da za a kwafa, LCO1490 da HCO2198, suna kama yawancin ƙwari, karatun Sanger, tsohuwar hanyar karanta guntu ɗaya, ya wadatar, ga kuma abin kwatantawa jibge a rumbunan bayanan DNA na intanet, BOLD da GenBank. Shi ya fi araha, shi nake ba mai digiri na biyu shawara.

Amma COI na da tarko. Mitokondiriya ta wajen uwa ake gadonta, don haka tarihin ɗaki ɗaya take ba ka. A jikin fara akwai tsofaffin kwafinta da suka shige cibiyar ƙwayar halitta, kuma PCR, hanyar ninka guntun DNA a ɗakin gwaji, na iya kamo su, ka zaci ka gano sabon jinsi. Mai aikin sauro ya kula sosai: COI ba ya raba jinsunan sauron maleriya biyu, Anopheles gambiae da Anopheles coluzzii, sai an koma DNA na cibiya. Haka tsutsar masarar da ta shigo Najeriya a 2016, wato fall armyworm, ana haɗa mata COI da Tpi, wani sinadarin gado na cibiya, kafin a faɗi nau'inta.

Duka mitokondiriyar kuwa harufa ne wajen dubu 15 zuwa 18, da sinadaran gado 37. Yawanci tana bukatar injin karanta DNA mai yawa kamar Illumina ko MinION, kwamfuta mai ƙarfi da haƙurin koyon haɗa bayanai. Biya mata in dangantakar iyalai da zuriyoyi kake bi, inda COI ya riga ya cika da sauye-sauye har sawu ya ɓace. Shi 16S, wani guntun na mitokondiriya, ɗan rakiyar COI ne, ba ya tsayawa shi kaɗai.

Kowanne ka zaɓa, ware kuɗin itanol mai kashi 96 tun farko, ka sauya shi bayan kwana ɗaya ko biyu, ka nemi firizar da ke da sola. Na taɓa rasa farar da na tara wata uku a wani zafin Afrilu da aka ɗauke wuta, har yau abin yana min ciwo.