Shimano Claris R2000 a tuddan Filato: giya ta yi, birki na neman ƙari

Duk wanda ya sayo keken tsere na gwanjo ya kama hanyar Jos zuwa Pankshin, ko ya gangara Hawan Kibo da niyyar ya hauro, zai gane da wuri cewa ba ƙarfin cinya kaɗai ke hawa tudu ba. Yawancin tsofaffin kekunan da ke shigowa daga Turai faifansu na gaba haƙora 52 da 42 ne, ko 53 da 39, na baya kuma mafi girma ba ya wuce 23 ko 25. Wannan haɗi na 'yan tsere ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya. A Filato gwiwa yake ci. Shi ya sa muka duba Shimano Claris R2000, saitin giya da birki da kamfanin ya fitar a 2017, wanda ke kusa da ƙasa a jerin kayansa na keken kwalta, mu ga ko ya dace da waɗannan hanyoyi.

Saitin ya ƙunshi libobi biyu da ke haɗa birki da sauya giya, faifan gaba mai haƙora 50 da 34, kaset na baya mai faifai takwas, sarƙa, masauyin giya na gaba da na baya, da birki mai matse gefen rim. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne wane kaset aka ɗaura. Akwai 11-28, akwai 11-32, akwai 11-34, wato yawan haƙoran ƙaramin faifai da na babban. Na ƙarshen muke ba da shawara, ba tare da kokwanto ba.

Ga lissafin. Taya 700x28, wato ta keken tsere mai faɗin milimita 28, tana cin wajen mita 2.14 a juyi ɗaya. Idan sarƙa tana kan 34 a gaba da 34 a baya, duk zagayen feda ɗaya taya ta juya sau ɗaya. Mutum na murza feda sau 70 a minti, yana tafiyar kilomita 9 a awa, yana zaune a sirdi, numfashinsa bai tsinke ba. A tsohon haɗin 39 da 25, wannan gudun dai zai sauko da ƙafa zuwa kamar sau 45 a minti, wato niƙa ake yi ba murzawa ba, kuma nan ne ciwon gwiwa ke farawa. Jos tana kan tsayin wajen mita 1,200 daga teku, saboda haka duk inda ka sauka daga kan dutsen, ta Hawan Kibo ne wajen Assop ko ta hanyar Bauchi wajen Tilden Fulani da Toro, dawowa hawa ne mai tsawo da ba a gama shi da zafin nama. Sauƙaƙƙiyar giya yake so da haƙuri. A ɗaya ɓangaren kuma 50 da 11 na ba da wajen kilomita 52 a awa in ana murza sau 90 a minti, wanda ya ishi kowa a titin da ake rabawa da tireloli.

Sai dai kaset mai haƙora 34 ba ya tafiya da kowane masauyin giya. Masauyin baya na Claris, RD-R2000, iri biyu ne: mai gajeren hannu da ake rubuta wa SS, iyakarsa 32, da mai matsakaicin hannu, GS, wanda ke ɗaukar 34. Mai saye ya karanta harafin kafin ya biya. In an tilasta wa SS hawa 34, ƙaramar tayarsa ta sama za ta dinga gogar faifan, in kuma sarƙar ta yi gajarta aka shiga babba da babba bisa kuskure, sai ta fizge masauyin ta lanƙwasa ƙarfen da yake rataye a kai. Awon sarƙa ba shi da wuya: a ɗora ta kan babban faifan gaba da babban na baya ba tare da an zura ta cikin masauyin ba, inda bakunan suka haɗu a ƙara gaɓa biyu, a yanke.

Inda Claris ya burge mu ainun shi ne yadda yake jure ƙura. Faifai takwas na nufin akwai tazara a tsakaninsu, sarƙar kuma ta fi ta mai giya 11 ko 12 kauri. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke zuba ƙura a kan komai, waya takan yi nauyi a cikin bututunta, saitin giya ya ɗan goce. Mai giya 11 nan take zai fara tsalle yana ƙas-ƙas. Mai takwas yakan haƙura ya ci gaba da aiki har a dawo gida. Ga kuma sauƙin samun kayan gyara: sarƙar giya 6, 7 da 8 duk ɗaya ce, kuma in masauyin baya ya karye a Mangu, na keken dutse mai giya 8 ko 9 irin su Altus da Acera zai yi aiki da libar Claris, domin jan wayarsu ɗaya ne. Na Tiagra 4700, wani saitin Shimano na keken kwalta, ba zai yi ba, na gaba na keken dutse ma ba zai yi daidai ba. Mai gyaran keke na kasuwa da sukudireba da alanki zai iya saita shi, abin da ba a faɗa game da giyar lantarki.

Kuɗin wannan sauƙi shi ne giɓi. Haƙoran 11-34 suna tafiya ne 11, 13, 15, 18, 21, 24, 28, 34. A tudu ba laifi. Amma a fili, kamar tsakanin Heipang da Barkin Ladi in iska na bugun fuska, daga 15 zuwa 18 tsalle ne na kashi 20 cikin ɗari: wannan ta yi nauyi, waccan ta yi sako-sako, wadda kake nema babu ita. Mai tafiya shi kaɗai zai saba. Mai bin ayarin masu gudu zai ji haushi. Saitin kuma ya fi Shimano 105, wanda ke sama da shi a jeri, nauyi, amma wannan bai dame mu ba, gorar ruwa ɗaya da ake ƙarawa a doguwar tafiya ta kusa cinye bambancin.

Birki ne muke da magana a kansa. Ƙarfen birkin ba shi da aibu, yana kuma ɗaukar taya har milimita 28. Robar da yake zuwa da ita ce ba ta kai ba. Tana da tauri, da rani tana kamawa daidai gwargwado, amma da damina, wadda a Filato ke ɗaukar daga Afrilu zuwa Oktoba, sai taya ta yi juyi da yawa kafin ruwan ya goge daga rim birki ya ciji. A Hawan Kibo, mai kwana-kwana da manyan motoci da ya yi ƙaurin suna wajen haɗari, wannan jinkirin ba abin wasa ba ne. A cire ta tun ranar farko a sa irin wadda ake zura roba cikin gidan ƙarfe, kamar Shimano R55C4 ko Kool-Stop mai launin ja-ja. A saita gaban robar ya riga bayanta taɓa rim da kamar kaurin katin waya, hakan ke kashe ƙara. Lokaci-lokaci a ciro ta a duba: za a ga 'yan ɓarɓashin alminiyam da tsakuwa sun nutse a ciki suna ƙyalli, su ne ke cin rim kamar fayil. Tsinin allura ya isa cire su.

Yadda ake riƙe birkin ma yana cikin lissafi. Wanda ya danne shi tun daga saman gangara har ƙasa yana dafa rim, iskar cikin taya ta kumbura, tsohon faci ya ɗago. A matse sosai kafin kwana, a saki, a bar rim ya sha iska. Hannu ya koma ƙasan kan keken inda liba ta fi ba da ƙarfi, kuma na gaba ne ke tsayar da keke.

Kafin a sayi saitin don tsohon firam, a duba abu uku. Faɗin wurin tayar baya ya zama milimita 130, tsofaffi da yawa 126 ne. Cibiyar tayar ta zama mai karɓar kaset, ba mai zare da ake murɗa faifai a kai ba, in ba haka ba sai an sauya taya. In kuma tayar ta mai giya 11 ce, sai an sa zoben cike giɓi na milimita 1.85 kafin kaset, in an manta zai yi ta girgiza giya ta ƙi zama. Kan wayar birki ma ya bambanta da na keken dutse, kada a karɓi kowace aka miƙo.

Kula da shi ba ya cin kuɗi. Kada a zuba wa sarƙa baƙin man inji, ƙura yake kira ya zama kamar kwaɓin yashi. A wanke da kananzir, ta bushe, a ɗiga man sarƙa a kowace gaɓa, a goge na waje da tsumma. Awon lalacewa da rula: gaɓa 24 na sabuwar sarƙa inci 12 ne cif, wato milimita 304.8, in ya kai 307 a sauya ta kafin ta ci kaset. Wayar giya ta dama takan tsintsinke a cikin liba inda ido ba ya gani, alamarta giya ta fara ƙin hawa manyan faifai duk da an saita. A sauya ta duk shekara, domin in ta tsinke sarƙa na faɗawa kan 11, kuma ba wanda ke son hakan a tsakiyar tudun Pankshin. A yi hattara da sarƙoƙin jabu masu ɗauke da sunan Shimano, sun cika kasuwa, arharsu ce ke tona su.

Hanyoyin Riyom, Barkin Ladi da Mangu sun sha fama da rikici, don haka a tambayi mutanen gari halin da ake ciki kafin a fita, a tafi cikin ayari, a dawo da sauran rana.