Wace Manhaja Ta Dace Da Zanen Alƙaluman Ƙungiyar Manoma?

Sakataren ƙungiyar manoma da ke rubuta cinikin riɗi da zoɓo daga kasuwannin Maigatari da Gujungu yakan so ya tattara lissafinsa a teburin pivot, wato teburin da ke taƙaita dogon lissafi ya fitar da jimillar kowane kaya ko kasuwa, sannan ya fitar da zane don nuna wa mambobi. Kafin ya kashe kuɗi, ya kamata ya san yadda zanen yake rikicewa a kowace manhaja, domin nan ne bambancinsu yake.

Excel ce ta fi ƙarfi, kuma ana samunta ta biyan kuɗin shekara a Microsoft 365 ko saye sau ɗaya kamar Office 2024. Zanenta a ɗaure yake da teburin, duk abin da aka tace a ɗaya zai bayyana a ɗayan. Sai dai a yawancin nau'o'inta, idan aka ƙara cinikin sabon mako, zanen ba zai motsa ba sai an danna Refresh, wato maɓallin sabuntawa, kuma ko an danna, layukan da suka faɗo wajen iyakar da aka zaɓa tun farko ba za su shiga ba. Maganin wannan shi ne a mayar da bayanan asali jadawali mai faɗaɗa kansa ta hanyar danna maɓallan Ctrl da T tare, kafin a gina teburin pivot. Mai sayen kwamfutar da aka taɓa amfani da ita kuma ya duba nau'in Office da aka sa masa, domin Microsoft ta daina kula da Office 2016 da 2019 tun Oktoban 2025.

Google Sheets kyauta ce, teburinta yana sabunta kansa, amma zanen yana karanta gidajen teburin da aka shata masa ne kawai. Idan teburin ya yi tsawo, sabbin kasuwanni sukan ɓace daga zanen. Idan kuma aka bar layin jimilla a ciki, sai sanda ɗaya ta miƙe ta danne sauran. Babbar damuwarta a ƙauye ita ce intanet, ga kuɗin data.

LibreOffice Calc kyauta ce, ba ta neman intanet, kuma tun fitowar 5.4 a 2017 take yin zane daga teburin pivot. Ita ma sai an sabunta da hannu, kuma fayil ɗin da aka tura wa mai Excel wani lokaci yakan sauya fasali.

A ganina, ƙungiyar da lissafinta bai wuce tsakanin mambobi ba, gara ta ɗauki LibreOffice, wadda kuwa take aika rahoto banki ko ma'aikata ta daure ta sayi Excel. Ko wacce aka zaɓa, a kula da shigar da bayani: idan aka rubuta riɗi yau, gobe ridi, zanen zai ɗauke su kaya biyu, kuma adadin buhu da aka haɗa da harafi, kamar "40 buhu", ba zai taɓa shiga jimilla ba.